Na tafi Kusugu da tambayar wata ɗalibata

Abun da ya kai ni Daura a hutun da ya wuce tambaya ce guda ɗaya da wata yarinya ta min a aji, yarinyar ma ba mai yawan magana bace, can layin baya take zama kusa da taga. Ina koyar da tarihi a wata sakandare a Kano, ranar ina basu labarin Bayajidda kamar yadda aka bamu muna yara, ya taso daga Bagadaza ya biyo ta Borno ya iso Daura ya kashe maciji a rijiyar Kusugu ya auri sarauniya aka haifi Bawo, shi kuma Bawo ya haifi sarakunan Hausa. Na gama na juya zan goge allo sai naga ta ɗaga hannu. Tace "Malam, to idan kakanmu Balarabe ne me yasa mu bama jin Larabci, kuma su mutanen da ya tarar suna ɗiban ruwa a rijiyar su ɗin su waye?" Wallahi sai da na tsaya cak da dasta a hannu. Nace mata tambayarki tana da nauyi, ki bani lokaci zan dawo miki da amsa, kuma har zuciyata nake nufi, dan yaron da ya yi irin wannan tambayar bai kamata a sallame shi da "haka yake a littafi" ba.

Da daddare na je gidan Kawu, yayan mahaifiyata. Shi a Zariya yayi karatun tarihi, jami'ar Ahmadu Bello, ƙarshen shekarun 1970 lokacin da sashen tarihi na can yake tashe, daga baya yayi aikin ilimi har ya yi ritaya, yanzu sai jarida da rediyo da jikoki. Ina gaya masa tambayar yarinyar ya ajiye kofin shayin da ke hannunsa yace "Allah ya yi wa yarinyar nan albarka, ai abun da ta tambaya shi manyan malamai suka kwashe shekara sama da hamsin suna kai ruwa rana a kai. Ka taɓa zuwa Kusugu?" Nace a'a Kawu. Yace to shirya, ranar Asabar zamu tafi.

Mun fito bayan sallar asuba, hunturu ya sauka sosai, hazo ya rufe gari har fitilun motoci sai sun matso kake ganinsu. Kawu ya naɗe wuya da rawani ya saka safa, ya riƙo wata tsohuwar jakar fata da takardu a ciki, wasu har sun zama ruwan ƙasa dan tsufa. A tasha na biya kuɗin kujerar gaba duka biyun saboda gwiwarsa, ni na zauna bayansa daidai inda zai iya juyowa. Bamu jima ba mota ta cika muka kama hanyar Dambatta.

Tun kafin mu bar gari ya fara. Yace kafin ka gane rigimar sai ka san Palmer. Wani Baturen mulki ne, yayi Razdan a Katsina da Borno, daga baya ya riƙe Arewa gaba ɗaya daga 1925 zuwa 1930, mutum ne mai son tara tsofaffin takardu da jerin sunayen sarakuna, shi ya fassara tarihin Kano na Larabci zuwa Turanci a 1908, a 1928 kuma ya fitar da tarin labaran da ya tattara har da na Daura. Kawu yace aikin tarawa kam yayi, ba mai ƙwace masa wannan, matsalar tana wajen idon da ya kalli abun da shi. A zamaninsu Turawa suna da wani ra'ayi da suka yarda da shi sosai, wai duk inda ka ga sarauta ko birni ko wata fasaha a ƙasar baƙar fata to wasu fararen baƙi ne suka kawo daga arewa ko gabas, suna kiransu Hamawa, zuriyar Ham ɗan Annabi Nuhu. To da suka ji labarin wani ɗan sarki daga Bagadaza ya zo ya haifi sarakunan Hausa sai abun ya zo musu daidai da abun da suke nema. Har aka ce ai Bayajidda shine Abu Yazid, wani Barbar na arewacin Afirka da ya yi wa daular Faɗimiyya tawaye a ƙasar da yau ake kira Tunisiya, ana masa laƙabi da mai jaki, aka kashe shi a shekarar 947. Wani Bature Hallam ya sake tayar da wannan zancen a 1966, yana ganin mabiyansa ne da aka fatattaka suka gangaro kudu da sunansa. Nace Kawu ai sunan yayi kama, Abu Yazid, Abuyazidu, Bayajidda. Yace kama kam yayi, amma ɗana idan kamar suna ce hujja ai mu ma muna da tamu, tsofaffi sun ce "ba ya ji da" ne, wato da can baya jin Hausa, wanne zaka ɗauka? Mutumin da aka kashe a can bai taka ƙasar nan ba, su kuma mabiyan ba wanda ya nuna takarda ko kabari ko wani abu da ya ce sun iso Daura.

Akwai wani bawan Allah a gefena, ɗan kasuwa ne zai wuce Mai'adua sayen dabbobi, tun ɗazu yana sauraro bai ce komai ba. Da yaji an ambaci Hausa bakwai sai ya gyara zama yace "Alhaji a gafarce ni, ni mutumin Zamfara ne, tun ina firamare abun nan yake min ciwo. Uwata Hausa ubana Hausa, ban iya wani yare ba, amma ace wai mu banza bakwai ne?" Yadda ya faɗa ba wasa a ciki, har muryarsa ta ɗan canza. Kawu ya juyo gaba ɗaya yace Alhaji ai kai ka taɓo inda malamai suka fi tsayawa. Ka duba, Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir, Rano, Biram, su aka ce bakwai na asali. Sannan aka jera Zamfara da Kabi da Yawuri da Nupe da Gwari da Kwararrafa da Yarabawa aka ce 'ya'yan Karɓagari ne, ɗan da Bayajidda ya haifa da kuyanga. To Zamfara da Kabi Hausa suke yi, kuma a zamanin sarkinta Kanta ai Kabi tafi Biram da Rano ƙarfi nesa ba kusa ba, me ya sa aka fitar da su? Kuma jerin ma ba ɗaya bane, wanda ka samu a wannan littafi ba lallai ya zo daidai da na wancan ba. Wannan ke nuna maka jerin ba lissafin jini bane, lissafin siyasa ne na wani zamani, wa ke cikin ƙawance wa ke waje. Mutumin yayi shiru can yace "to Alhamdulillahi, yau naji wanda ya min bayani." Direba ma da yake ta canza tashar rediyo sai ya kashe ta gaba ɗaya.

A Kazaure aka tsaya shan mai, muka sauka miƙe ƙafa, na siyo mana ƙosai mai zafi a takarda. Rana ta fara fitowa duwatsun garin suna bayyana ta cikin hazo. Kawu ya nuna su da sandarsa yace ka ga irin waɗannan, su Abdullahi Smith ya ce a duba. Idan Kawu zai ambaci mutumin nan muryarsa har sauka take yi dan girmamawa. Bature ne ɗan Ingila, ya koyar a Ibadan, ya dawo Zariya a 1962 ya kafa sashen tarihi, ya musulunta, shi ya assasa cibiyar bincike ta Arewa House a Kaduna a gidan da Sardauna ya zauna, ya rasu a 1984. A 1970 ya rubuta wata maƙala kan yadda dauloli suka kafu a ƙasar Hausa, Kawu ya buɗe jakar nan ya zaro kwafinta, gefen shafukan duk rubutun biro ne nasa na ƙuruciya. Abun da mutumin ya kawo shine, daula bata faɗowa daga sama rana ɗaya dan wani jarumi ya iso a kan doki. Mutane ne suke zaune a ƙauyuka na dangi, inda aka samu ƙasar noma mai kyau da ruwa da tama ta ƙira da dutsen da ake ganin mazaunin iskoki ne sai jama'a su yi ta taruwa, manomi da maƙeri da mafarauci da baƙo ɗan kasuwa, ƙauye ya zama gari, garin da ya fi sauran ya ja ganuwa ya zama birni, kuma da zarar mutanen da ba dangin juna ba sun cakuɗu a wuri ɗaya to mai gida ba zai iya riƙe su ba sai an samu sarki da masu sarauta. Haka Dala ta yi a Kano, haka Kufena da Turunku a Zazzau, haka Kwatarkwashi. A ganinsa labarin Bayajidda in ma akwai gaskiyar tarihi a ciki to bai wuce canjin gidan sarauta ba, ba shine farkon Hausawa ba kuma ba shine farkon mulki ba.

Ɗalibinsa Yusufu Bala Usman, mutumin Musawa da ya rasu a 2005, shi kuma ya ɗauki Katsina ya bi ta daki-daki daga 1400 zuwa 1883, kuma Kawu yace abun da suka fi koya a wajensa shine kar ka karɓi magana dan kawai Bature ya rubuta ko dan da Larabci take ko dan tsoho ya faɗa, tambayi waye ya faɗa, yaushe, a gaban wa, me yake nema. Har rubutun Barth, Bajamushen nan da ya shigo Katsina da Kano a 1851 yana kiran kansa Abdulkarim, sai da ya saka shi a wannan sikelin. Ni dai ina tsaye da ƙosai a hannu ina jin wani irin takaici a raina, ace an yi irin wannan aikin a nan Zariya kusa da mu, amma abun da ya iso ajin da nake koyarwa har yau bai wuce na zamanin Palmer ba, ga shi kuma an taɓa cire darasin tarihin ma gaba ɗaya daga ƙananan makarantu aka shafe shekaru kafin a dawo da shi.

Mun shiga Daura da hantsi. Muka sauka muka hau adaidaita zuwa cikin tsohon gari, lunguna da katangun ƙasa jefi-jefi tsakanin na siminti, almajirai, masu tura kurar ruwa. Rijiyar yanzu a cikin gini take an kewaye ta, ba fili bane kamar yadda nake zana ta a raina tun ina yaro. Na zaci zan ga wani ƙaton rami mai ban tsoro, sai naga rijiya ce dai irin wadda ka sani, bakinta ba wani faɗi ba, na leƙa naga duhu can ƙasa kuma ruwa yana ɗan ƙyalli. Wani dattijo da muka samu a wurin ya amsa sallamarmu, muka gaisa sosai, Kawu yace masa daga Kano muke mun zo ganin Kusugu, wannan ɗana ne malamin makaranta. Dattijon yace "to malam matso kusa, kai ne zaka kai wa yara."

Ya fara bayarwa, kuma gaskiya ban taɓa jin labarin da daɗi irin na ranar ba, dan a bakinsa ba abun haddacewa bane, kamar yana bada labarin abun da ya faru a unguwarsu. Yadda baƙon ya bar Borno da matarsa 'yar Mai, wato sarkin Borno, bayan an raba shi da rundunarsa, ya bar ta a Garun Gabas da ciki ta haifi Biram, ya biya Gaya maƙera suka ƙera masa wuƙa, ya iso Daura da dare ya sauka gidan wata tsohuwa Ayana ya roƙi ruwa, tace ɗana ai a garin nan ba a samun ruwa sai ranar Juma'a, akwai maciji a rijiyar ana ce masa Sarki. Yace a bashi guga. Da ya zura macijin ya riƙe, ya jawo shi ya sare kan ya saka a jaka, ya sha ya shayar da dabbarsa ya kai wa tsohuwa sauran. Gari ya waye aka ga gangar jikin maciji a bakin rijiya kowa na tsoro, Galadima ya je bai iya matsawa ba, sai Kaura ne ya matsa ya taɓa ya dawo ya tabbatar wa sarauniya ya mutu. Daurama tace wanda ya kashe zata bashi rabin gari, masu ƙarya suka yi ta zuwa ana cewa ina kan, har Ayana ta tuna da baƙonta. Shi kuma da ya zo ya fito da kan yace baya son rabin gari, ita yake so. Sai ya rage murya wajen maganar Bagwariya, kuyangar da sarauniya ta bashi, ta haifi ɗa ta sa masa Karɓagari, ita kuma Daurama da ta haifi nata tace Bawo, wato a bawo garin.

Daga nan ya zura guga, igiyar tana ta tafiya ina ƙirgawa a raina har naji ƙarar ta taɓa ruwa, ya jawo ya zuba mana a kofi. Ruwan da sanyi, garai-garai, da ɗan ɗanɗanon ƙasa irin na rijiya. Kawu ya yi bismilla ya sha ya shafa sauran a fuska. Na ɗura a gorar roba da na zo da ita.

A nan ne, ina riƙe da kofin nan, tambayar yarinyar ta dawo min, sai naga ai amsar rabin tambayarta tana cikin labarin da Baba dattijon nan ya gama bamu yanzu. Baƙon da ya zo ya tarar da gari. Ya tarar da rijiya da wasu suka haƙa, ya tarar da sarauniya a kan mulki da fadawanta, wuƙar da ya yi aikin da ita ma maƙeran Gaya ne suka ƙera, kuma shi ne ba ya jin yaren mutane, ba su ne ba sa jin nasa ba. Nace Baba kafin Daurama akwai wasu? Yace sosai ma, ya fara jerowa da yatsu, Kufuru, Gino, Yakumo, Yakunya, yana tafiya har ya iso Daurama, yace da can ma a Tsohon Birni suke kafin a dawo nan, kuma har gobe akwai sarautar Magajiya a Daura. Wallahi tsigar jikina sai da ta tashi. Shekara nawa ina koyar da labarin nan ina farawa daga Bagadaza, alhali masu labarin da kansu daga matan nan suke farawa.

Kawu bai yi wa dattijon gardama ko ɗaya ba, kuma naji daɗin haka. Sai da muka fito muka zauna a inuwa muna jiran azahar sannan yace ka lura da Juma'a? Mutanen da aka ce ba su san Musulunci ba me ya haɗa su da Juma'a? Ka lura da Galadima? Sarautar Borno ce, kamar Ciroma da Yarima, har kalmomi irin su kasuwa da rubutu masana harshe sun ce ta hannun Barebari suka shigo mana. Wato labarin ya yi ta ɗaukar kaya a hanya, kowane zamani ya ɗora masa nasa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da ya kawo zancen a littafinsa Infaƙul Maisuri wajen 1812 cewa yayi Bawo bawan sarkin Borno ne, Barth kuma da ya rubuta nasa dangantakar bata zo daidai da wadda muka ji yau ba. Shi yasa wasu malamai suke ganin hannun Borno a ciki, na zamanin da take karɓar gaisuwa daga sarakunan Hausa. Kuma ba mu kaɗai bane, sarakunan Borno sun ce daga Saifu ɗan Zi Yazan na Yaman suke, na Songhai sun ce wani baƙo daga Yaman ya kashe kifin da ake bauta wa aka naɗa shi, Borgu suna da Kisra, bayan zuwan Musulunci kowace fada tana son ace tushenta gabas ne kusa da ƙasar Annabawa. Batun yare kuwa, yace gaya wa ɗalibarka 'yan uwan Hausa na kusa suna nan Yobe da Bauchi da Filato, Bolanci da Ngizim da Bade da Karekare da Angas, kalmomin Larabci irin su littafi da alƙali daga baya addini da fatauci suka kawo su.

Amma fa kar a ce rigimar ta mutu. Da yamma a masaukinmu, bayan mun ci tuwo, ni na tayar da zancen Dierk Lange dan na taɓa cin karo da rubutunsa a intanet. Bajamushe ne na jami'ar Bayreuth, ya zo Daura ya zauna ya kalli Sallar Gani da ake yi a watan Maulidi, shi kuma ya juya maganar gaba ɗaya, yace labarin tsoho ne ƙwarai kuma ana maimaita shi a aikace cikin bikin Gani, yana ganin yana ɗauke da tunawa da mutanen da suka yi hijira daga gabas bayan rushewar daular Assuriya wajen shekara 612 kafin haihuwar Annabi Isa, har yana kwatanta Daurama da Bagwariya da Saratu da Hajara, Bawo da Karɓagari kuma da Is'haƙa da Isma'ila. Kawu ransa ya ɓaci sosai, yace wannan ai Palmer ne ya dawo da sabuwar riga, tazarar shekara sama da dubu ba tukunya ba ƙarfe ba rubutu sai kamar suna da kamar labari, kuma yawancin masana basu karɓa ba. Nace Kawu na yarda maganar Assuriya ta yi nisa, ni ma ban saye ta ba, amma abu ɗaya da na ga ya yi daidai shine da ya ce a je a kalli bikin, a kalli me sarki yake yi me Magajiya take yi, dan ba a takarda kaɗai mutane suke ajiye tarihinsu ba. Ya daɗe bai ce komai ba sannan yace wannan kam haka ne. Ya ƙara da cewa Daura tana da wani abu da sauran basu da shi, bayan jihadi ya ci garin wajen 1805 tsohon gidan sarauta ya fita ya zauna a su Zango da Baure, da Turawa suka zo suka dawo da Malam Musa daga Zango, to gidan da ke da labarin shi ke kan gadon har yau, wani Smith ɗin daban, M. G. Smith mutumin Jamaika, ya rubuta littafi guda a kan wannan a 1978. Mun kai sha ɗayan dare muna abu ɗaya, har mai gadin masaukin ya matso da kujerarsa.

Washegari muka juyo, kuma tun a mota Kawu yace kafin ka koma gida sai mun hau Dala. Nace gwiwarka fa Kawu, yace a hankali zamu hau. Bayan la'asar muka hau matakalar yana tsayawa yana hutawa ina riƙe da hannunsa. Daga sama Kano ta bazu ko ta ina har inda hazo ya yanke ta, kiran yara da hon ɗin adaidaita suna tasowa sama-sama. Yace shekarar da kuke rubuta wa yara a allo, 999, wai ranar da Bagauda ya zama sarkin Kano, ka san daga ina ta fito? Ba wanda ya rubuta ta a zamanin, Palmer ne ya ɗauki shekarun da aka ce kowane sarki yayi ya yi ta ɗebewa baya-baya har ya sauka a nan, in an yi kuskure a sarki ɗaya duk lissafin ya goce. Shi kansa littafin tarihin Kanon ba a daidaita kan yaushe aka rubuta shi ba, Murray Last yana ganin an fara haɗa shi tun wajen tsakiyar ƙarni na 17 aka yi ta ƙari, M. G. Smith ya fi yarda da shi a matsayin tarihi, John Hunwick kuma a 1994 ya kawo hujjar cewa a zamanin Sarkin Kano Muhammadu Bello aka tsara shi a shekarun 1880, har ya nuna Ɗan Rimi Barka, babban bawan sarki, a matsayin wanda ya fi zato. Amma ko wanne ka bi, littafin da kansa bai fara da Bagauda ba, ya fara ne da Dala da Barbushe da Tsumburbura da mutanen da ke kewaye da dutsen nan da shugabanninsu. Ya buga sandarsa a ƙasa yace kuma masu tonon ƙasa sun samu wurin narka tama a gindin dutsen nan da aka auna shekarunsa ya kai ƙarni na 7, wato wajen shekara 300 kafin 999 ɗin akwai maƙera a nan suna hura wuta. Na sunkuya na ɗauki wani ɗan jan dutse na saka a aljihu.

Ranar Litinin da aka koma makaranta na shiga ajin da gorar ruwan Kusugu da ɗan dutsen Dala na ajiye su a kan tebur. Na raba allo biyu, gefe ɗaya na rubuta abun da Baba ya faɗa, ɗaya gefen abun da su Palmer da Abdullahi Smith da Lange suka ce, a can sama kuma na rubuta Kufuru, Gino, Yakumo, Yakunya, Daurama. Na kira yarinyar nace ta taso ta karanta sunayen da ƙarfi. Ta karanta, ta tsaya tana kallon allon, sannan ta juyo tace "Malam, to su kuma matan nan wa ya fara rubuta sunayensu, kuma yaushe?" Na ce ta rubuta tambayar a takarda da hannunta, ranar Asabar zan kai wa Kawu.